Ilimin eriya ya kamata ya tsallaka titi zuwa Ayigya

Titin Accra ne kawai ya raba Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da unguwar Ayigya a birnin Kumasi na Ghana. A wannan gefe ana koya wa ɗalibai lissafin igiyoyin lantarki da maganaɗisu, waɗanda rediyo da waya da talabijin ke tafiya a kansu. A wancan gefe, har zuwa Aboabo da Asawase da Sawaba, akwai samarinmu da ke cin abinci da waɗannan igiyoyin kullum: masu gyaran waya, masu ɗaura dish, masu ja wa shaguna wayar intanet. Ɗalibi ya san lissafi amma hannunsa bai saba ba. Mai gyara yana da hannu amma ba wanda ya taɓa gaya masa dalilin abin da yake yi. A ganina haɗa su aiki ne na jami'a, kuma fannin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne wanda mutane za su ɗauka ya fi ƙarfinmu, wato metamatiriyal, kayan da ake ƙerawa da wata siffa ta musamman don su sarrafa igiya.

Duk wanda ya tashi ya ga mahaifinsa yana murɗa rediyo da asuba yana neman Landan ko Jamus a kan mita 19 ko mita 25 ya riga ya san rabin zancen. Wannan mitar tsawon igiyar tashar ce. Igiyar wifi ba ta wuce santimita 12 da ɗoriya ba, kuma kusan ita ce igiyar da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef ke aiki da ita. Ka duba ƙofar na'urar da kyau: a jikin gilashin akwai wata raga ta ƙarfe mai ƙananan huji. Haske yana wucewa ta hujin, shi ya sa kake ganin kwanonka yana juyawa a ciki, amma igiyar da ke ɗumama abincin ba ta iya fitowa, domin hujin ya yi mata ƙanƙanta ƙwarai, a wurinta ragar bango ce. Ke nan siffar da aka yi wa ƙarfe tana iya sa igiya ta wuce ko ta koma. Masu binciken metamatiriyal sun ɗauki wannan suka kai shi nesa. Suna jera ƙananan zobba da layuka na jan ƙarfe, kowanne bai kai tsawon igiyar ba, har jerin ya riƙa yi wa igiya abin da babu wani dutse ko gilashi ko ruwa da ke yi mata.

A 1967 wani masanin Tarayyar Sobiyet, Victor Veselago, ya lissafa a takarda cewa za a iya samun abin da zai karya haske ta ɓangaren da bai saba karyewa ba. Cokalin da ka tsoma a kofin ruwa ka ga kamar ya lanƙwashe, a cikin irin wannan abu ta ɗaya gefen zai lanƙwashe. Lissafin ya kwanta sama da shekara 30 domin ba a san abin da zai yi haka ba. Sai a 1999 John Pendry na Kwalejin Imperial da ke Landan ya nuna yadda zobe mai ɗan tsagi zai iya yin aikin, a 2000 kuma David Smith da abokan aikinsa suka ƙera shi a San Diego ta Amurka. A 2006, a Jami'ar Duke, aka yi wani ɗan kewaye da ke sa igiyar maikurowef ta zagaye abin da aka sa a tsakiyarsa ta wuce. Jaridu suka ɗauka da zafi kamar Turawa sun gano layar zana. Ba haka ba ne. Ido yana ganin abin sarai, kuma a zango ɗaya tak na tsawon igiya yake aiki. Wannan ƙuncin zango, da yadda kayan ke shanye wani ɓangare na ƙarfin igiyar, har yau su ne ciwon kan masu fannin. Amfanin da ya fito fili ya fi layar zana sauƙi: ƙananan eriya, da eriya shimfiɗaɗɗa irin ta kamfanin Kymeta, wadda ke bin tauraron ɗan'adam ba tare da an juya ta ba.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne kayan aikin. Zobban nan na Duke a kan irin allon da ke cikin rediyo da talabijin aka zana su, allo mai shafen jan ƙarfe wanda kowane mai gyara ya sani. Tun a 1898 ma, a Kalkata ta Indiya, lokacin tana hannun Ingila, Jagadish Chandra Bose ya murɗa zaren da ake saƙa buhun koko da shi ya nuna cewa yana juya igiyar maikurowef. Fanni ne da ba ya neman babban injin da sai ƙasashe masu arziki. Abin da ke da tsada shi ne na'urar awo, wadda ke gaya maka ko eriyar da ka ƙera tana aiki a zangon da kake so. Ta ɗakin bincike tana cin dubban daloli, amma yanzu akwai ƙarama mai shiga aljihu, NanoVNA, da ba ta kai kuɗin waya mai matsakaicin daraja ba, kuma ta isa a koyar da ita.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Ƙasa kamar Ghana, da galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya mayar da kogunanta kalar kunu, wadda ba ta manta dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ba, wadda ba ta kai kashi 1 cikin 100 na arzikinta da Tarayyar Afirka ta nemi a ware wa bincike ba, me ya kai ta zana zobba a kan allo? Amsata ita ce akwai tambayoyin da in ba mu muka bincika ba, ba mai bincika mana. Gidajen unguwanninmu na zango rufin kwano ne, ɗaki na jingine da ɗaki, lungu ya matse. Kwano yana mayar da igiya, shi ya sa za ka ga uwa ta fito tsakar gida tana ɗaga waya sama kafin ta ji muryar ɗanta da ke Libiya ko Italiya. Masu binciken 6G, fasahar sadarwar waya da za ta gaji 5G, suna aiki a kan wani shafaffen allo da ake mannawa a bango ya karkata igiya zuwa inda ba ta kaiwa. A kan dogayen benaye na gilashi suke gwada shi. Wa zai gwada shi a lungun Aboabo? Haka ruwan saman Kumasi, wanda da ya sauko hoton dish ke ɗaukewa, saboda igiyar wajen santimita biyu da rabi ce kawai, ɗigon ruwa yana cinye ta. Kuma ba a ce ba mu da hannu a irin wannan aiki ba. A 2017 aka buɗe tsohon dish ɗin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse, kusa da Accra, bayan an mayar da shi na'urar sauraren sararin samaniya tare da Afirka ta Kudu, a shekarar ne kuma tauraron ɗan'adam GhanaSat-1 na Jami'ar All Nations ta Koforidua ya shiga falaki.

Jami'ar Kumasi ta taɓa yin abin da nake nema. A 1972 ta kafa cibiyar ba masu sana'a shawara kan fasaha, a 1980 kuma cibiyar ta buɗe reshe a tsakiyar Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Ba a ce wa makanikai su sa riga mai kyau su zo aji ba. Injiniyoyi ne suka je inda baƙin mai yake, da injunan yanka ƙarfe da dabarun narka shi, kuma sana'ar Magazine ta ƙaru da abin da ba ta da shi a da. Wayar da kan da aka fi yi yanzu, gasar kimiyya da lissafi da ziyarar makarantun sakandare, abu ne mai kyau, amma mai yunifom kaɗai yake kaiwa. Yaron da ya bar makaranta yana shekara 15 ya zauna gaban masta a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, wanda zai cire eriyar waya siririya kamar gashi ya mayar ba tare da ya ƙona allon ba, shi ba ya cikin lissafi. In waya ta daina kama sabis, abin da ya sani shi ne, “Masta, mu canja wannan mu gani.” Ranar da aka ɗora masa na'urar awo ya ga layin ya faɗa daidai zangon da eriyar ke amsawa, canje-canjen lalube ya ƙare. Malamin jami'a ma zai ƙaru, domin waɗannan yaran sun ga lalacewar waya iri-iri da babu ita a littafi.

Sai harshe. Darasin nan da Hausa da Asante ya kamata a yi shi, a tashoshi irin su Zuria FM ma a ba shi fili. A 2020 mun ga yadda jita-jitar cewa 5G ke kawo korona ta cika WhatsApp, har aka ƙona turakun waya a Ingila. Mai unguwar da ake so a kafa turke kusa da gidansa yana da haƙƙin a zo da na'ura a auna a gabansa, a yi masa bayani da harshen da yake ji.

Mu ma da namu nauyin. Iyaye da yawa a zango har yanzu suna ganin ajin kimiyya na 'ya'yan wasu ne, musamman in 'ya mace ce. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin masu gyaran waya su ne za su rubuta wa kwalejin injiniya ta jami'ar su nemi zama. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 yana iya sayen na'urorin awo da allunan jan ƙarfe, wata makarantar Islamiyya a Ayigya ta ba da aji ranar Lahadi da yamma, jami'a kuma ta lissafa wa ɗaliban shekarar ƙarshe wannan koyarwa a cikin makinsu, ta lissafa wa malamansu ita a lokacin ƙarin girma.