Kujerar kansila a ƙauyukan Ingila: nasiha ga 'yan'uwana matasa

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ingila. Kowane dare muna zaurukan WhatsApp muna tafka muhawara kan gwamnan jiharmu da ɗan majalisar mazaɓarmu, har ana ɓatawa. Amma a tambayi ɗayanmu wa ke kula da maƙabartar garin da yake zaune, ko filin da 'ya'yansa ke wasa, sai ya yi zuru. Wannan abin kunya ne gare mu.

A ƙauyuka da ƙananan garuruwan Ingila akwai majalisar da ake kira farish, ita ce mataki mafi ƙasa a tsarin mulki. Kada sunan ya sa ka zaci ta coci ce, tun dokar 1894 aka raba ta da harkar addini. Irinta sun kai kusan dubu 10, kuma ana zaɓen kansilolinta duk bayan shekara 4, yawanci ranar Alhamis ta farko a watan Mayu. A manyan birane ba kowace unguwa ke da ita ba. A Landan sai 2014 aka kafa ta unguwar Queen's Park. To amma da yawanmu yanzu aikin asibiti da kula da tsofaffi ya kai mu ƙananan garuruwa, inda majalisar ke nan a ƙofar gida.

Wa zai iya tsayawa? Wanda ya cika shekara 18, ɗan Birtaniya ko ɗan ƙasar Kwamanwel mai izinin zama na dindindin. Najeriya da Gana da Kamaru duk suna ciki. Ɗan Nijar ko Cadi sai ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Sannan ko sunanka yana cikin rajistar masu zaɓen yankin, ko ka yi wata 12 kana aiki a cikinsa, ko kana zaune ciki ko tazarar da ba ta wuce mil 3 ba. Mutum biyu masu zaɓe a yankin za su sa maka hannu a fom, shi ke nan. Babu kuɗin ajiya, babu ubangida, babu dole sai da jam'iyya. Sau da yawa ma 'yan takara ba sa cika kujerun, a ba mutum kujera ba hamayya, ko kansilolin su zauna su ɗauko wanda ya nuna sha'awa.

Ga inda nasihata take. Kada ka shiga da tunanin kansilan gida, mai albashi da mota da kwangilar kwalbati. Nan aikin sa kai ne. Mafi yawan kansilolin ko sisi ba a biyansu, magatakardan majalisa ne ma'aikaci mai albashi. Kuɗin majalisar daga harajin gidaje ake tattaro shi, kuma kowa na da damar duba yadda aka kashe. Cikin kwana 28 da hawanka sai ka bayyana aikinka da kadararka da ke yankin, idan kuma magana ta shafi aljihunka ba ka da bakin jefa ƙuri'a a kanta. Wanda ya yi wata 6 a jere bai halarci zama ba, ba tare da majalisa ta karɓi uzurinsa ba, kujerar ta suɓuce. Mu da muka saba tafiya gida biki mu daɗe, sai a kiyaye.

Aikin kuma, gaskiya, akwai gundura. Za ka zauna da dare cikin sanyin hunturu ana jayayya kan yankan ciyawa, da kwandon shara, da rumfar jiran bas, da filayen lambu da ake ba mutane haya. Idan za a yi sabon gini a tambayi ra'ayinku, amma majalisar gunduma ce mai yanke hukunci, kuma mutanen gari kai za su tare a kanti da faɗa. Wanda ya ga bidiyon zaman majalisar farish ta garin Handforth da ya karaɗe intanet a farkon 2021 ya san dattawan Turawa ma sun iya rigima. Haƙuri za ka tara, da karanta takardu kafin zama.

Sai dai a cikin waɗannan ƙananan abubuwan ne buƙatunmu suke. Majalisu da yawa su ke riƙe da maƙabarta. Batun ware sashen Musulmi, da fuskantar da kabari alƙibla, da binne gawa ba jinkiri, a teburin nan ake tattauna shi. Haka ɗakin taron gari da muke nema don sallar Idi ko walimar suna. Idan babu namu a wurin, ba lallai ƙiyayya ce ke sa a manta da mu ba, ba wanda ya faɗa musu ne. Amma ka sani ba wakilin Hausawa aka zaɓe ka ba. Tsohuwar Baturiyar da fitilar layinta ta mutu tana da haƙƙi a kanka daidai da limaminku, kuma Allah zai tambaye ka a kanta.

'Yan'uwa mata, har da ku nake. Zaman majalisar a buɗe yake ga kowa, ana liƙa sanarwarsa a allon gari kwana 3 kafin ranar. Ku je ku zauna a baya ku saurara sau biyu ko uku, sannan ku tambayi magatakarda ko akwai kujerar da ba kowa.