Na Ɗaga Jar Tuta Don Ya Tsira, Ya Saka Mini da Zagi

Ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe biyu da kwata na rana, wani saurayi da bai girmi ɗana na fari ba ya dube ni daga kan dokinsa, a gaban 'yan kallo, ya kira ni wawa. Laifina shi ne na tsayar da shi da jar tuta, domin a gabansa, shinge biyu kacal tsakani, wata yarinya tana kwance a ƙasa likitoci sun durƙusa a kanta. Kwana huɗu ke nan maganar tana ci mini rai, kuma na yi alkawari ba zan haɗiye ta ba kamar yadda na haɗiye waɗanda suka gabace ta a cikin shekara tara da na yi ina wannan aiki kyauta a karkarar Ingila.

Gasar da nake magana a kai ita ce ta dawaki mai zango uku, wadda ke cikin wasannin Olamfik tun 1912. A zangon farko doki yana nuna takunsa da biyayyarsa ga linzami a cikin ƙaramin fili, a wani zangon yana tsallake sanduna masu faɗuwa idan an taɓa su, sannan akwai zangon daji, inda mahayi zai saki doki a guje ya ƙetare gungumen itace da ramuka da ruwa da gangare, duka kafaffu ne a ƙasa. A bakin kowane shinge na wannan zango sai an ajiye alƙalai, yawanci mutum biyu, kuma 'yan sa-kai ne, ba mai biyan su albashi. Ni ɗaya ne daga cikinsu. Na shiga ne don na tashi a gidan da ke da barga, kakana yana da akawal a turke wanda nake kai wa harawa kafin in tafi makarantar allo, kuma da zama ya kawo ni ƙasar nan ban sami wata hanyar kusantar doki ba sai wannan.

A ranar, ina idar da sallar asuba na kama hanya, na tuƙa mota mil saba'in da man da na saya da kuɗina. Ƙarfe bakwai da rabi aka tara mu a tanti aka yi mana bayani, aka ba mu oba-oba da usur da agogon auna lokaci da tutoci da takardun maki, aka haɗa mana da burodi da cuku da tuffa guda a cikin jakar takarda. Abokiyar aikina wata dattijuwa ce da ta haura saba'in, gwiwarta ɗaya an yi mata aiki, amma ta shekara fiye da talatin tana zama a bakin shinge. Tun safe ake yayyafi mai sanyi, irin wanda ba ya tsayawa ba ya ƙaruwa, takardar maki ta jiƙe har biro ya ƙi rubutu muka koma fensir. Bayan kowane minti biyu doki zai bullo, in busa usur don 'yan kallo su kauce, mu duba ko ya bi tsakanin jar tuta ta dama da fara ta hagu, mu rubuta lambarsa, mu sanar ta oba-oba.

Muna cikin haka sai muryar mai kula da zango ta fito, a taƙaice kuma a tsanake, yadda suke yi idan abu ya ɓaci: an faɗi a gaba, a tsayar da doki mai zuwa. Na ɗauki jar tuta na fito fili tun da nisa kafin shinge, abokiyar aikina ta danna agogo daidai lokacin da dokin ya gifta alamar da muka zaɓa tun safe saboda irin wannan. Na kaɗa tutar a ƙasa-ƙasa kamar yadda aka koya mana, don kada dokin ya firgita. Saurayin ya gan ni sarai, amma bai ja linzami ba sai da ya rage taku kaɗan ya bi ta kaina, har laka daga kofaton dokin ta fantsamo mini a fuska da ƙirji.

Na ce masa, “Yallaɓai, ka yi haƙuri, an faɗi a gaba. Mun riƙe lokacinka, ba za ka yi asarar ko daƙiƙa ɗaya ba.”

Ya ce, “Ka san abin da ka yi kuwa?”

Na maimaita masa cewa umarni ne daga mai kula da zango, kuma akwai mutum a ƙasa. Ban ɗaga murya ba, Allah ne shaidata. Dokin nasa, wani ja mai farin goshi, yana ta huci, kumfa na zuba daga bakinsa, haƙarƙarinsa na hawa da sauka. Na nuna masa inda zai zagaya da shi a hankali don kada jikinsa ya yi sanyi.

Sai ya sunkuyo ya nuna ni da bulalarsa, ya ce, “Kai wawa ne? Dokina ya kama gudu, ka zo ka tsaya mini a gaba da wannan tsumman. Wa ma ya kawo ka nan? Ka taɓa hawan doki a rayuwarka?”

Abokiyar aikina ta taso da ƙyar daga kujerarta ta ce masa, “Saurayi, ka kula da harshenka.” Bai ko juyo ya dube ta ba. Ya ce shi ya biya kuɗinsa, bai zo don tsofaffin da ba su da aikin yi su lalata masa rana ba. Ya faɗi haka ne alhali daga inda yake zaune, a kan sirdi, ya fi mu hangen motar asibiti da labulen da aka kewaye yarinyar da shi. Minti goma sha ɗaya ya yi yana zagaye a gabanmu, kuma a cikin minti goma sha ɗayan nan bai tambaya ko sau ɗaya ba wace ce ta faɗi, ko tana numfashi. Da aka ba da izinin ci gaba, na sanar da shi, ya koma baya ya ɗauko gudu, abokiyar aikina ta tsayar da agogo a daidai alamar nan, ya tsallake shingenmu ya wuce. Mu kuma muka rubuta masa lokacinsa daidai, ba ƙari ba ragi, aka cire masa shi cif daga lissafi.

Ka taɓa hawan doki a rayuwarka! Wannan tambayar ce ta fi yi mini ciwo, fiye da kalmar wawa. Ni da aka ɗora a kan sirdi tun ƙafata ba ta kai likkafa ba, ni da na ga mahaya suna sukuwa a hawan Sallah su ja linzami doki ya yi zamiya a gaban sarki. Amma ko da ban taɓa ganin doki ba sai a hoto, me ya ba shi izinin wulaƙanta ni? Ya dubi fuskata da rigar ruwata mai araha, ya yanke hukunci cewa ni ba kowa ba ne a wannan fili. A gidan da na tashi, mai doki ba ya wuce mai yankan ciyawa bai ce masa sannu da aiki ba, kuma yaron da ya zagi dattijo daga kan doki, a ranar za a sauko da shi, ko ɗan wane ne.

Ba a banza aka ba ni wannan tuta ba. Doki ya kai kilo 500 ko fiye, kuma a manyan gasa ana buƙatar ya ci mita 570 a minti ɗaya. Idan ya bugi kafaffen shinge da ƙafafun gaba, yana iya wuntsilawa ya faɗo a kan mahayinsa. A shekarar 1999 kaɗai mahaya biyar suka mutu a wannan wasa a Birtaniya, abin da ya sa aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Lord Hartington, daga baya kuma aka fara sa wa wasu shingaye ƙusoshi masu karyewa don gungumen ya faɗi maimakon dokin ya kife. Duk wannan gyara ba zai yi amfani ba idan babu mutum a bakin shinge da zai ga faɗuwa ya kira likita nan take, ya kuma hana na baya ya afka wa na ƙasa. Da na ji tsoron bakin saurayin nan na kauce, da ya sha kwana ya tarar da likitoci a durƙushe a kan hanyarsa, da gudun da ba zai iya tsayarwa ba.

Da wannan ne karon farko, da na ce zafin gasa ne. An taɓa biyo ni har mota ana cewa na yi ƙarya, don na rubuta cewa doki ya tirje a bakin shinge, abin da ke jawo maki 20 na hukunci, alhali kowa ya ga dokin ya ja da baya. Na ga uwa ta tsaya a filin ɗumama dawaki tana yi wa wata malamar makaranta mai ritaya tsawa har ta sa ta kuka, don kawai ta ce ba a zo kan 'yarta ba tukuna. Na ga masu yawo da karnuka suna tsallake igiya ina busa usur suna harara ta. Gaskiya ne akwai mahaya masu tarbiyya, waɗanda idan suna zagayen duba shingaye da ƙafa za su tsaya su gode mana, kuma su ne mafi yawa. Amma godiyar mutum hamsin ba ta wanke zagin mutum ɗaya idan aka bar mai zagin ya tafi gida da kyautarsa kamar bai yi komai ba.

Kuma haka aka bar shi. Da yamma na kai ƙara wurin wani jami'i, na ba shi lambar mahayin da kalmomin da ya faɗa. Ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, jinin yaron ne ya hau, za a yi masa magana. Doka ba ta rasa ba: a ƙa'idojin hukumar wasannin dawaki ta duniya da ke Lausanne, rashin ɗa'a ga jami'i yana jawo katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa, kati biyu a cikin shekara guda kuma dakatarwa ce ta wata biyu. Abin da aka rasa shi ne ƙarfin halin taɓa wanda ya biya kuɗin shiga, wanda ubansa ke da motar ɗaukar dawaki da ta fi gidana tsada. Mai zagi kwastoma ne, ana tsoron ya fusata ya kai kuɗinsa wata gasa. Wanda aka zaga kuwa kyauta yake aiki, an ɗauka gobe ma zai dawo.

A nan ne laifin ya wuce kan saurayi ɗaya ya hau kan al'ummar da ta rene shi. An koya wa yara cewa duk inda ka biya kuɗi, mutanen da ke wurin bayinka ne, kuma kowa a cikinmu ya ɗanɗana wannan, daga mai aikin jinya zuwa direban bas zuwa mai gadi a bakin kanti. An maida darajar mutum ta zama abin da ake biyan sa, saboda haka wanda ba a biyan sa komai ya zama ba shi da daraja ko kaɗan. Iyaye suna kashe dukiya a kan sirdi da hular kwano da malamin koyar da hawa, amma ba wanda ya zaunar da yaro ya koya masa yadda ake magana da wanda ya isa ya haife shi.

Gwamnati ma ba ta fita ba. Ba ta gajiya da yabon 'yan sa-kai a baki. Ranar 8 ga Mayu 2023, bayan naɗin Sarki Charles, an ware yini guda ana kiran kowa ya fito ya yi aikin sa-kai. Amma iyakar kuɗin mota da aka yarda a mayar wa mutum ba tare da haraji ba, kwabo 45 na kuɗin Ingila a kowane mil, an tsayar da shi a 2011 aka bar shi fiye da shekara goma ba a ƙara ko anini ba, alhali mai da inshora da abinci sun yi tashin gwauron zabo. Mu yawancinmu ko wannan ɗin ba ma karɓa. Lokacin da Birtaniya ta ci zinare na ƙungiya a wannan wasa a Tokyo, ta sake ci a Faris a 2024, manya sun yi ta fitowa suna taya ƙasa murna. Ba wanda ya tuna cewa kowane ɗaya daga cikin mahayan nan ya fara ne a irin filin da nake zama, a gaban irin dattijuwar da aka ce ba ta da aikin yi. Bikin gasar dawaki na Gatcombe Park, a gidan Gimbiya Anne kanta, wanda aka fara a 1983, masu shirya shi sun sanar a 2024 cewa tsada ta fi ƙarfinsu. Idan gasa tana mutuwa alhali ana yi mata aiki kyauta, ina za ta kai ranar da aka ce a biya alƙalin kowane shinge?

Yarinyar da ta faɗi ta karye a ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa, an tafi da ita asibiti tana magana, alhamdulillahi. Da na isa gida 'yata ta ga laka a rigata ta ce, “Baba, me ya same ka?” Na faɗa mata, ta yi shiru, sannan ta ce, “Baba, don Allah ka daina zuwa.” Jiya saƙo ya shigo wayata daga masu shirya gasar wata mai zuwa, suna cewa alƙalan shinge sun yi ƙaranci, suna roƙon duk mai hali ya taimaka. Ban amsa ba tukuna. Abokiyar aikina ita ta riga ta ba da tata amsar tun ranar Asabar, lokacin da muke mayar da kaya a tanti: ta naɗe jar tutar, ta ɗora usur a kai, ta ce wa matar da ke karɓa ta cire sunanta daga jerin, bayan shekara talatin da wani abu.