Gada ba ko'ina take nufin haɗuwa ba

Wani marubuci da na karanta ya ce a tatsuniyoyi da zane-zanen duniya gada alama ce ta haɗuwa da sulhu, misalinsa kuma Bifrost, bakan gizon da mutanen arewacin Turai na dā suka ɗauka hanya ce tsakanin ƙasa da mazaunin allolinsu. Ban yarda da "duniya" ɗin nan ba. Mu nan Maraɗi bakan gizo ba gada ba ne, tsofaffinmu masha-ruwa suke ce masa, wanda ke shanye hadari ya hana ruwa sauka, ƴan bori kuma suna danganta shi da Gajimare, ɗaya daga cikin iskokinsu. Manomi bai murna da ganinsa. Sannan ta yaya za a yi maganar gada a tsallake Siraɗi? Tun muna makarantar allo aka karantar da mu an shimfiɗa shi bisa Jahannama, ya fi gashi siriri, ya fi takobi kaifi, wani ya wuce kamar walƙiya, wani kamar iska, wani da rarrafe. Wannan gadar tantancewa ce, kamar Cinbat ta Majusawan Farisa mai faɗi ga salihi, mai ƙunci ga mugu. Duk wanda ya ce imani daban ne da tatsuniya, gaskiyarsa, ni ma ban haɗa su ba, ma'anar gadar nake nufi. Maraɗi, garin da ambaliyar Gulbi ta tayar zuwa tudu a 1945, ya san tsallake ruwa abin tsoro ne. Wa marubucin ya tambaya a ƙasar Hausa kafin ya yi mana kuɗin goro?