Libarba mara nauyi ba ita ce mai sauƙin harbi ba

A Amurka, inda doka a jihohi ta yarda mutum ya riƙa yawo da bindiga a ɓoye, sabon mai saye yakan ɗauka cewa mara nauyi ta fi sauƙin sarrafawa. Har ana tura wa mata da tsofaffi ita. Wannan kuskure ne babba.

Nauyin ƙarfe shi ke shanye girgizar harbi. Idan aka rage shi, tafin hannu ne zai sha. Smith & Wesson 642, wata ƙaramar libarba, gangar jikinta alminiyom ce, nauyinta bai kai rabin kilo ba, tana cin harsashi 5. Ta zauna a aljihu lafiya lau, amma da an ɗana kunamar, bakinta ya ɗaga sama, mariƙin ya daki gindin babban yatsa. Ita kuwa 340PD ta wannan kamfanin ta fi ta rashin nauyi, ga shi tana ɗaukar harsashi mai ƙarfi na .357 Magnum, dukan nata yakan sa harsasan da suka rage su zamo daga kwansonsu har su hana gangar da ake zuba harsashi a ciki juyawa.

Ga kunama mai tauri, ga bututu guntu da bai kai inci 2 ba. Abin da ya fi damuna, wanda hannunsa ya sha zafi sai ya daina atisaye, ya ci gaba da ɗaukar makamin da bai iya saitawa ba.