Yau a ba ka lasisi, gobe a ƙwace: abin da ake yi a bakin Tafkin Tahoe ya isa haka

Wallahi raina yana ɓaci in na tuna yadda ake wasa da dukiyar mutane a garin South Lake Tahoe na jihar Kalifoniya a Amurka. Mutum ya tara guminsa, ya ci bashin banki ya sayi gida kusa da tafki don ya riƙa saukar da baƙi na kwana biyu uku ta manhajar hayar gidaje ta Airbnb, ya biya kuɗin lasisi, yana biyan harajin da ake karɓa kan kowane baƙo, kawai a 2018 aka kaɗa ƙuri'a kan dokar da suka kira Measure T, ta wuce da tazarar ƙuri'a 58 kacal, 58 fa jama'a! Aka ce duk gidan da ke unguwar zama kuma ba ya cikin yankin 'yan yawon buɗe ido ya daina wannan haya zuwa ƙarshen 2021. Banki kuwa bai daina karɓar nasa duk wata ba.

Abin da ya fi ci min rai, ɗan gari an bar masa kwana 30 a shekara ya yi hayarsa, wanda ke zaune wani gari kuwa ko kwana ɗaya, kuma shi ba shi da ƙuri'a a zaɓen da aka yanke masa hukunci. Wannan bambancin ne ya sa kotu ta rusa dokar a Maris 2025. To amma bayan me? Wanda ya sayar da gidansa dole wa zai mayar masa?

Sai kuma a 2025 aka fito da sabuwar doka, wadda a lokacin ta ce wai sai an bar tazarar ƙafa 150 tsakanin gidan haya da gidan haya, wato in maƙwabcinka ya riga ka samun lasisi kai shikenan, ba laifin da ka yi.

Ni ban ce mazauna ba su da gaskiya ba. Ma'aikatan otal da masu shara ba sa samun ɗakin haya, baƙi na cika unguwa da hayaniya cikin dare, suna barin shara har dabbobin daji su shigo. A ci tarar mai laifi mana, ai dama an taɓa sa tarar dala 1,000 kan ajiye mota inda bai dace ba, wanda ya maimaita a ƙwace lasisinsa shi kaɗai. A yi doka ɗaya tsayayya, a faɗa wa mutum tun kafin ya sa hannu a takardar bashi.