Ziyarar Madina a cikin bas: abin da jagora yake ba mu da abin da yake rage mana

Da zarar azumi ya ƙarato, ko aka fara karɓar kuɗin kujerar Hajji, sai shafukan sada zumunta su cika da tallan kamfanonin jirgin yawo, kowanne yana lissafa abin da zai yi wa maniyyaci: biza, tikiti, masauki kusa da Harami, abinci, sannan a ƙarshen jerin a rubuta ziyarar wuraren tarihi tare da malami. A kan wannan na ƙarshen nake so in yi magana, domin a ganina shi ne ɓangaren da ake cika alkawarinsa a baki kawai, kuma shi ne wanda alhazanmu ba su cika tambaya a kansa ba kafin su biya kuɗi.

Ba ina sukar tafiya cikin rukuni ba ne. Kakanninmu da suka bi hanyar ƙasa ta Barno da Chadi da Sudan ba su tafi ɗai-ɗai ba, cikin ayari suka tafi, da madugu mai yanke shawarar inda za a yada zango da jagaba wanda ya san rijiyoyi, kuma duk da haka tafiyar kan ɗauki shekaru, har wasu suka zauna a Sudan jikokinsu suna can yau. Yanzu jirgi ya rage nisan, amma cunkoso da zafi sun maye gurbin wahalar hanya. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum fiye da 1,300, suka ce kusan kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu ba su da izinin aikin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi a Mina da Arfa, ba su da bas, ba su da wanda zai nemo su idan sun faɗi. Duk wanda ya taɓa ganin dattijuwa daga ƙauye, wadda ba ta jin Larabci ko Turanci, tana neman tantinta a Mina inda kowane layi yake kama da ɗan uwansa, ba zai raina jami'in da ke riƙe da tuta yana ƙirga mutanensa ba. Haka shiga Rauda, wurin da ke tsakanin ɗakin Annabi (SAW) da mumbarinsa a Masallacin Madina, a yau sai da izini ta manhajar Nusuk, kuma da yawa daga cikin iyayenmu ba za su samu ba in ba jagoran rukuni ya yi musu ba. A wajen aikin ibada da tsaron rai, rukuni alheri ne.

Matsalar tana farawa ne da safiyar ziyara. Tsarin kusan ɗaya ne ko wane kamfani mutum ya bi. Bayan karin kumallo bas ya tsaya a ƙofar masauki, a jira waɗanda suka makara, a nufi Masallacin Ƙuba a ce kowa ya yi raka'a biyu ya dawo da sauri, a wuce Uhudu, a nuna Masallacin Ƙiblataini wani lokaci ta taga, a gifta ta wurin da aka haƙa Handaƙ a shekara ta 5 bayan Hijira ba tare da an tsaya ba, sannan a sauke kowa a kasuwar dabino. A nan ne ba wanda yake gaggawa. Sanannen abu ne a harkar yawon buɗe ido a ko'ina cewa direba ko jagora kan sami la'ada daga shagon da ya kai wa baƙi, kuma ba na ganin laifin mutum ya sayi ajwa ya kai tsaraba gida. Abin da nake ƙi shi ne a ba dabino sa'a guda a ba Uhudu minti ashirin.

Uhudu wuri ne da ƙasarsa kanta take bayani ga wanda aka ba lokaci. Dutsen yana arewa da Masallacin Annabi (SAW) da nisan kusan kilomita biyar, a gabansa akwai ɗan tudun da aka ajiye maharba hamsin ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubair a shekara ta 3 bayan Hijira, aka umarce su kada su sauka ko me suka gani. Idan mutum ya hau tudun ya juya, zai ga da idonsa dalilin umarnin, domin filin da ke bayansa a buɗe yake, kuma ta nan mahayan Khalid ɗan Walid suka zagayo bayan yawancin maharban sun sauka. A ƙasa ga maƙabartar shahidai wajen saba'in, cikinsu har da Sayyidina Hamza da Mus'ab ɗan Umair. Ɗalibin da ya karanta wannan yaƙi a Islamiyya yana yaro zai fahimce shi a tsaye a kan tudun nan fiye da yadda ya fahimce shi a aji. Amma abin da aka saba gani shi ne jagora yana magana ta lasifika cikin hayaniyar rukunoni goma daga ƙasashe goma, rabin mutanensa suna ɗaukar hoto, sauran suna cinikin carbi, direba kuma yana danna oda. Ga wani abin da ba a cika faɗa ba: ba kowane mai riƙe lasifika ne malami ba. Wani ɗalibi ne da ya san sira sosai, wani kuwa mazaunin garin ne kawai da ya haddace labarai, yana haɗa ingantacce da wanda ba shi da tushe, kuma alhajin da bai karanta komai ba kafin ya taso ba shi da ma'aunin da zai bambanta su.

Wannan ya kawo ni kan littattafan jagora. Waɗanda ake rabawa wajen bita, da waɗanda hukumomin Saudiyya suke bayarwa kyauta cikin harshen Hausa, sun yi ƙoƙari ƙwarai a kan hukunci: daga ina ake ɗaukar harami, me ke wajabta fidiya, yaya ake jifa. Amfaninsu shi ne ba sa gajiya da tambaya, kuma mutum zai iya buɗe su da tsakar dare a Muzdalifa lokacin da malamin rukuni yake can wani wuri. Sai dai kusan dukkansu littattafan fiƙihu ne, ba sa gaya wa mutum garin da zai shiga. Ba kasafai za ka sami taswirar Madina a ciki ba, balle bayanin nisan wuri da wuri ko tarihin abin da ido zai gani. Kuma abin da ya shafi tsari yana tsufa da wuri, saboda faɗaɗa Harami da sababbin dokoki suna canza ƙofofi da hanyoyi; littafin da aka buga kafin 2018 bai san da jirgin ƙasan Haramaini mai haɗa Makka da Madina ba. Wani lokaci ma mutumin da ya tashi a kan mazhabar Malikiyya yakan karanta wani bayani da ya ɗan saɓa da abin da ya koya a gida, hankalinsa ya tashi, alhali saɓani ne sananne tsakanin malamai wanda layi biyu za su warware da marubucin ya kula.

Shirye-shiryen rediyo da talabijin na bita ba ni da ƙorafi a kansu, sun kai ilimi inda littafi bai kai ba. Bidiyoyin YouTube da TikTok ne suke da fuska biyu. Sun cire wa mutane fargaba, har tsoho yakan isa ya riga ya san yadda Safa da Marwa suke. Amma mai ɗaukar bidiyo yana nuna ɗaki mai kallon Ka'aba da Rauda ba kowa, ba ya nuna layin jiran bas ko tafiyar ƙafa daga Mina zuwa wurin jifa cikin rana, kuma sau da yawa ba ya faɗa cewa kamfani ne ya ɗauki nauyinsa. Sakamakon haka wasu suna isa da jerin hotunan da suke son maimaitawa, su tsaya daidai inda wane ya tsaya.

Shawarata ga mai niyya ita ce ya riƙe rukuninsa a duk abin da ya shafi aikin Hajji, amma a kwanakin Madina ya ware wa kansa safiya ɗaya ko biyu, bayan ya sanar da jagora inda za shi. Daga Masallacin Annabi zuwa Ƙuba tafiyar kilomita uku da ɗoriya ce, akwai titin masu tafiya a ƙafa, kuma ya tabbata cewa Annabi (SAW) yakan je can duk Asabar, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa. Mai lafiya zai iya yin alwala a masauki ya taka bayan Asuba kafin rana ta yi zafi, ya zauna iya son ransa. Uhudu kuma kuɗin tasi kaɗan ne idan mutum uku ko huɗu suka haɗa, su karanta babin yaƙin a littafin sira da daddare, su je da sassafe kafin bas-bas su iso.

Su kuma kamfanoni, tunda sun sa ziyara cikin abin da ake biya, ya kamata maniyyaci ya tambaye su tun a ofis: wane ne malamin, wurare nawa za a sauka a taka ƙasa, kuma minti nawa aka ware wa kowanne. Kamfanin da ya iya faɗin tazarar otal da Harami mita-mita zai iya amsa wannan ma a rubuce.