Don Allah ku daina ciyar da birai a Sauda

Bidiyon nan da ake ta turawa a guruf tun jiya, wai abin dariya ne. Saurayi ya taso tun daga Jidda, sama da kilomita 600, ya hau Sauda, dutsen nan na yankin Asir a kudancin Saudiyya, ya sauke gilashi yana miƙa wa bika biskit. Uban garken ya zuro hannu ya fizge ledar gaba ɗaya, ya bar wa ƙanwar yaron yakushi a damtse. Madalla, an samu abin ɗorawa a Snapchat.

Birin ba shi da laifi. Mu muka koya masa.

Bikan dutsen Asir yana da abincinsa tun kafin a shimfiɗa kwalta: 'ya'yan ar'ar (itacen da ya cika dajin dutsen), tsaba, saiwoyi, ƙwari. Ranar da ya gane cewa mota tana tsayawa abinci na fitowa, ya bar kiwo ya dawo bakin titi ya zauna. Sabo turken wawa. Yau ka ba shi, gobe wanda bai ba shi ba zai ƙwata da ƙarfi. Damisar da a da take rage su ta kusa ƙarewa a waɗannan duwatsu, ga ragowar kabsa (shinkafa da nama) da ake watsarwa a wuraren hutawa, sai garke ya yi ta yawa.

Masu cewa sadaka ce, ku kai sadakar inda ake buƙata. Masu cewa yunwa suke ji, ku dubi ƙibar wanda ya fizgi ledar. Hukumar kula da namun dawa ta ƙasar nan ta sa tarar riyal 500 a kan ciyar da su, idan tausayin bai hana ka ba aljihu ya hana ka.

Ga abin da ake yi idan garke ya tare hanya. Gilashi a rufe, ƙofa a kulle, abinci a but, ba a kan cinya ba. Idan a ƙasa kake, kada ka riƙe leda a hannu ko da takalmi ne a ciki, ƙararta kaɗai kira ce. Babban namijin nan mai furfurar gashi a kafaɗa shi ke tsare matansa, kada ka shiga tsakaninsu, kada ka zuba masa ido. Idan ya yi hamma ya nuna fiƙoƙi, ba barci yake ji ba, gargaɗi ne. Ka ja da baya a hankali, yaro a kusa da kai, ban da gudu. Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti ranar, ba gobe ba. Zancen "ɗan yakushi ne" shi ke ja wa mutane.

Abin da ke ba ni takaici da gaske, wurin nan ya fi ƙarfin biskit. Tun 1981 aka keɓe gandun Asir. Ƙololuwar Sauda tana kusan mita 3,000, dajin ar'ar ne mai sanyi a tsakiyar watan Yuli, lokacin da Makka ke tafasa. Akwai wani tsuntsu dangin hankaka mai baƙi da fari da doguwar jela, duk duniya a waɗannan duwatsu kawai yake. Ba ya zuwa inda ake ihu. Ka fito bayan asuba da takalmi mai kama ƙasa, rigar sanyi da ruwa lita 2, ka tafi a hankali don numfashin mutumin Jidda yana gajarta a wannan tsayi. Da la'asar hazo kan rufe komai, har ka kasa ganin bakin kwari, saboda haka ka dawo mota kafin nan.

Kuma tunda maganar mota ta zo, masu gangarawa Rijal Alma, ƙauyen da ke ƙasan dutsen, wa ya ce ku ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa? Birki yana ɗaukar zafi ya daina kamawa. Ka sa giya ta ɗaya ko ta biyu, injin ya riƙe motar. Idan ka ji ƙaurin birki, ka samu fili ka tsaya ya huce da kansa, kada ka watsa masa ruwa.